Taya mai toshe hujinta

Taya mai toshe hujinta nau'i ne na taya marar tub wadda tun a masana'anta ake shafa wa cikinta wani danƙo mai kauri, daidai bayan ɓangaren da ke taka ƙasa. Idan ƙusa ta soke ta, danƙon yakan manne a jikin ƙusar, in kuma ƙusar ta fita, ƙarfin iskar da ke ciki sai ya tura shi cikin hujin ya toshe. Ta bambanta da taya mai ƙaƙƙarfan gefe, wadda ake iya tafiya a kanta ko da iska ta ƙare.

Kamfanin Continental na Jamus yana sayar da irinta da sunan ContiSeal, mai toshe huji har faɗin milimita 5. Ta Michelin, wato Selfseal, tana kai milimita 6, ta Pirelli kuwa, Seal Inside, milimita 4.

Ruwan toshe huji

Akwai kuma ruwa mai yauƙi da ake ɗurawa ta bakin bawul. Wani ana zuba shi tun kafin taya ta yi faci, kamar yadda masu kekuna da babura suke yi. Wani kuwa na gaggawa ne, yana zuwa da ƙaramin famfon lantarki a motocin da ba su da safaya, kuma yawanci ba a wuce gudun kilomita 80 a awa bayan an zuba shi.

Amfani

Babban amfanin shi ne direba ba ya tsayawa canjin taya a gefen hanya, balle da dare ko a inda babu mai faci. Barin safaya kuma yana rage wa mota nauyi, shi ya sa motar lantarki ta Chevrolet Bolt ta fito da tayoyin Selfseal ba tare da safaya ba.

Matsaloli

Danƙon ba ya kai wa gefen taya. Yanka ko tsagewar da ramin titi ya jawo a nan sun fi ƙarfinsa, kuma wanda ba shi da safaya a ranar sai dai a ja motarsa.

Matsalar da ta fi wannan haɗari ita ce ɓoye ɓarna. Da yake iska ba ta sauka, direba na iya yin watanni da ƙusa a taya bai sani ba, ruwa yana bin hujin yana sa wa wayoyin ƙarfen ciki tsatsa. Don haka masu ƙera ta suke cewa a riƙa duba ta, a kai ta gyara da zarar an ga ƙusa.

Ruwan ɗurawa yana da nasa aibin: yakan toshe bawul, ya ɓata na'urar auna iska, ya sa sitiyari rawa idan ya taru a gefe ɗaya. Dole mai faci ya wanke shi tas kafin faci ya kama. Wanda aka yi da ruwan roba kuma yakan bushe cikin 'yan watanni, musamman a wuri mai zafi.