Tarihin Giyar Motar Iyali: Daga Caravan Zuwa Sienna

Motar iyali mai ɗaukar mutum bakwai, wadda Amurkawa ke kira miniban, ta samo asali ne a kamfanin Chrysler. A watan Nuwamban 1983 aka fitar da Dodge Caravan da Plymouth Voyager na farko daga masana'antar Windsor ta ƙasar Kanada, lokacin shugabancin Lee Iacocca. An ɗora gangar jikinsu ne a kan tsarin ƙananan motocin kamfanin masu ja da ƙafafun gaba, don haka akwatin giyar da aka tsara don ƙaramar mota aka sa shi ɗaukar iyali guda da kayansu.

Duk da haka, giyar farko mai canji uku ba ta cika ba da wahala ba. A 1989 ne Chrysler ya shigo da Ultradrive, otomatik mai canji huɗu wadda kwamfuta ke sarrafawa, sabon abu a wancan zamani. Ba a jima ba koke ya yi yawa. Da zarar kwamfutar ta ji wata tangarɗa sai ta maƙale motar a giya ta biyu, direba ya lallaɓa da ita zuwa gareji injin na ihu. Wani ɓangare na laifin na mai ne. Giyar na buƙatar manta na musamman, amma kanikawa da yawa suka riƙa zuba mata man Dexron da suka saba da shi, sai ta fara kakkarwa wajen canji, fayafayan kulocin ciki su cinye. Kamfanin ma ba ya da bakin magana, domin littattafansa na farko sun halatta Dexron idan ba a samu na ainihin ba. Daga baya aka gyara ta, aka sauya mata suna zuwa 41TE.

Honda, duk da sunan da ya yi wajen ƙarko, shi ma bai tsira ba. Motarsa Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi ƙaurin suna da lalacewar giya, har kamfanin ya tsawaita garantin wasu daga ciki. A 2004 ya nemi a dawo da wasu motocin da aka riga aka sayar domin giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, tana zafi har haƙoranta su karye. Ford Windstar ma ta sha irin wannan suka.

Toyota Sienna, wadda aka fara ƙerawa a jihar Kentaki a 1997, ita ce ta fi fita kunya. Wannan na cikin dalilan da suka sa ta hannu da ake shigowa da ita daga Amurka ta cika tashoshin Najeriya, tana jigilar fasinja tsakanin manyan garuruwa. A can an yi ta ne don kai yara makaranta da cefane. A nan tana yini a hanya cikin zafin bazara, but ɗinta maƙil da buhuna. Shi ya sa gogaggen mai saye kan zaro sandar awon man giya tun kafin a yi ciniki: ja garai alamar lafiya ce, baƙi mai ƙauri kuwa yana nufin kulocin ya fara ƙonewa.