Ina za a kai sabuwar mota sabis ɗin farko?

A garin Magama da ke kan iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, a ƙaramar hukumar Jibiya ta jihar Katsina, idan aka ce wane ya yi sabuwar mota, tambayar da kan biyo baya ita ce: dal ce daga kamfani, ko kuwa 'yar Kwatano ce?

Amsar wannan tambaya ce ke nuna inda ya kamata a kai motar domin yi mata sabis na farko, kasancewar abin da kowace daga cikin biyun ke bukata ya sha bamban da na 'yar uwarta.

Mota dal tana zuwa ne da takardar garanti, kuma abin da mai ita ke ƙoƙarin karewa ke nan. Ita kuwa wadda aka yi amfani da ita a Turai ko Amurka ba ta da wani garanti, ba ta kuma da tarihin da za a iya dogara da shi, don haka sabis ɗinta na farko ya fi kama da binciken likita.

Yadda motocin ke zuwa

Shekaru da dama garin Magama na kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da motocin gwanjo ke bi su shiga arewacin Najeriya.

A da akan sauke su ne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, a tuƙo su ta Malanville da Gaya da Doso da Birnin Ƙonni har zuwa Maraɗi, inda dillalan Katsina da Kano ke zuwa saye. Daga nan sai su biyo ta Ɗan Isa su tsallako. Wannan ne asalin sunan 'yar Kwatano, yayin da wasu ke ce musu Beljiyam, saboda da yawa daga tashar Antwerp ake loda su.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2020 ya ce tsakanin 2015 zuwa 2018 an fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka zo.

Sai dai harkar ta sha tangal-tangal. Daga ranar 1 ga watan Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A watan Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar a watan Yulin 2023, kafin shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa a watan Maris na 2024.

Wannan tarihi ya shafi batun sabis kai tsaye. Motar da takardunta na kwastam ba su cika ba, mai ita ba ya marmarin kama hanyar Katsina da ita, balle ta Kano, saboda shingayen bincike. Da yawa ba ƙwarewar bakanike ce ke sa su tsaya a garejin unguwa ba. Fargabar kame ce.

Mota dal da takardar garanti

Waɗanda ke sayen mota dal a wannan yanki ba su da yawa: hukumomin gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da kamfanoni, sai kuma manyan 'yan kasuwa. Galibi ma motocin a-kori-kura ne irin su Toyota Hilux, masu jure hanyar karkara.

Kamfanoni da dama kan bayar da garantin shekara uku ko tafiyar kilomita dubu ɗari, duk wanda ya riga cika. Ma'anarsa ita ce idan inji ko giya suka samu matsalar da ta samo asali daga ƙira, kamfani ne zai gyara ba tare da an biya shi ba.

Amma akwai sharaɗi. Dole ne a riƙa yin sabis a kan lokaci, kuma yawanci a wurin wakilin da kamfanin ya amince da shi, wanda zai buga hatimi a littafin sabis. Wasu kamfanonin kan bukaci a kawo motar dubawar farko bayan kilomita dubu ɗaya, wasu kuma sai ta kai dubu biyar. Littafin da ya zo da motar ne ke fayyace wannan, ba dillali ba.

Abin da ake yi a wannan ziyara ba shi da yawa: juye baƙin mai da canza matatarsa idan lokaci ya yi, a duba ko akwai inda ke yoyo, a ɗaure notocin da suka saki, a duba birki da iskar taya. Aiki ne da duk ƙwararren bakanike zai iya yi cikin sa'a guda.

Hatimin ne ba zai iya bugawa ba. Kuma a ranar da giyar motar ta tsaya tana da wata takwas, littafin za a fara buɗewa kafin a buɗe bonet.

A wasu ƙasashe doka ta sassauta wannan ƙulli. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani tilasta wa mai mota yin amfani da garejinsa ko kayansa kafin ya mutunta garanti, sai fa idan kyauta yake bayarwa. Tarayyar Turai ma tun daga 2002 ta ba masu motoci damar zuwa gareji mai zaman kansa, muddin an bi ƙa'idar kamfanin. Najeriya na da dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC da ke aiwatar da ita, amma ga mutumin Magama, bin kadin ƙara har zuwa can ya fi tafiya gareji wuya.

To amma tafiyar ita ma ba ƙarama ba ce. Wakilan manyan kamfanonin motoci sun fi yawa ne a Legas da Abuja da Kano da Kaduna. Daga Magama zuwa Kano ta hanyar Katsina ya haura kilomita 200, wato zuwa da dawowa fiye da 400, ga kuɗin mai, ga asarar yini guda, ga kuma matsalar 'yan bindiga da ta daɗe tana addabar hanyar Katsina zuwa Jibiya, wadda ke sa mutane kauce wa tafiyar dare.

Duk da haka, idan aka auna wannan da kuɗin sabuwar giya ko inji, musamman tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, lissafin a fili yake.

Akwai kuma wani rukuni da kan faɗa tsakiya: motoci dal da 'yan kasuwa ke sayowa da kansu daga Dubai ko wata ƙasa, ba ta hannun wakilin kamfani a Najeriya ba. Ba lallai ne wakilin ya karɓi garantin irin waɗannan ba, don haka ya kamata mai saye ya tambaya a rubuce tun kafin ya biya.

'Yar Kwatano

Nan ne mafi yawan jama'a suke, nan ne kuma aka fi yin kuskure.

Motar da ta iso Magama daga Kwatano ta riga ta yi tafiyar fiye da kilomita dubu a hannun direban da ba tasa ba ce, bayan ta shafe makonni a cikin jirgin ruwa, wataƙila kuma watanni a ajiye a filin dillalai. Babu wanda ya san ranar da aka yi mata juye na ƙarshe.

Lambar da mita ke nunawa ma ba abin yarda ba ce, domin mayar da ita baya sananniyar dabara ce a wannan kasuwa. Wasu motocin Amurka kuma daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa, bayan haɗari ko ambaliyar ruwa. Ana iya bincika tarihin irin waɗannan a intanet da lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17.

Saboda haka aikin farko ya wuce juyen baƙin mai. Ya haɗa da matatar iska da ta fetur, da man giya, da man birki, da ruwan lagireto, da fulogi. Idan injin mai amfani da bel ɗin taimin ne ba sarƙa ba, kuma ba a san yaushe aka canza shi ba, gara a canza, domin a wasu injuna tsinkewarsa kan lanƙwasa bawul, a shiga aikin sauke inji.

Motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka tun daga 1996, da masu amfani da fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura a karanta matsalolin da kwamfutar motar ta adana. Bakaniken da ke da wannan na'ura, ya kuma san fassara abin da ta nuna, shi ne ya cancanci taɓa motar da farko. Wanda abin da ya iya shi ne goge jar fitilar da ke kan dashbod bai yi komai ba.

Kanikawan arewa dai da yawansu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504 da 505 da kamfanin PAN ya riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda ya fara aiki a 1975. Motoci ne masu kaburata da kunne da hannu ke isa a gyara su, kuma sun horar da gwanaye. Amma wasu dabi'un da aka gada daga wancan zamani na cutar da motocin yanzu.

Ɗaya daga ciki shi ne cire tamostat da zarar mota ta iso, bisa hujjar cewa an yi shi ne domin ƙasashen sanyi, tare da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. A motar da kwamfuta ke sarrafa mai, injin da bai kai zafin da aka tsara masa ba kan ƙara shan fetur, ya kuma riƙa tara dauɗa.

Haka nan zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji na gwangwani, wanda a hankali ke haifar da tsatsa da toshewa. Sai kuma fasa tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda ake kira indomi, da wasu ke cirewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Mai motar da ya bar ta a gareji ya tafi harkokinsa, ba lallai ya san an yi ba.

Baƙin mai da ƙura

Batun baƙin mai shi ne ya fi jawo gardama tsakanin mai mota da bakanike.

An saba da mai kauri mai lamba 20W-50, wanda ya dace da tsofaffin injuna. Injunan zamani da yawa kuwa, irin na Toyota Corolla da Camry da Honda na shekarun baya-bayan nan, an tsara su ne da mai mara kauri kamar 5W-30 ko 0W-20, saboda hanyoyin da yake bi ƙanana ne. Lambar na rubuce a littafin mota, sau da yawa ma a kan murfin da ake zuba man.

Akwai kuma jabu. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta sha kama gurɓataccen baƙin mai da ake ɗurawa a galan mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Shi ya sa masu motoci da dama kan sayo nasu daga gidan mai ko babban dillali, su tsaya a buɗe galan ɗin a gabansu. Haka ma matata: a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano ana samun ta asali da kwaikwayonta a shago guda, farashi ne kawai ya raba su.

Yanayin wurin ma na da nasa hukunci. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafin bazara da kan haura digiri 40, da hanyoyin rairayi na ƙauyukan kan iyaka, duk suna cikin abin da littattafan motoci ke kira aiki mai tsanani, inda ake rage tazarar da ke tsakanin sabis da sabis. Busa matatar iska da injin ba taya iska na iya yaga takardarta, ƙura ta samu hanyar shiga inji.

Sai fetur. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga kan iyaka, matakin da ya shafi Jibiya da Magama, ya kuma tura masu motoci da yawa wajen 'yan bumburutu. Man galan kan zo da ruwa ko ƙasa, abin da ke toshe matata da nozul. Ga mota dal, lalacewar da gurɓataccen mai ya jawo ba ta cikin abin da garanti ke ɗauka.

Maraɗi ko Katsina?

Daga Magama, Maraɗi ba ta fi Katsina nisa sosai ba, kuma tana da kanikawan da suka daɗe suna hulɗa da motocin Turai. Wasu kan tsallaka can, musamman masu motocin dizal.

Amma da sefa ake biya, kuma faɗuwar naira ta sa abin da a da yake da rahusa ya yi tsada. Fita da mota na bukatar takardun shiga da na inshora, ga shi kuma Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025. Wanda ya tsallaka a ranar da aka rufe iyaka, kamar yadda ya faru sau biyu cikin shekaru huɗu, motarsa na iya kwana a can fiye da yadda ya shirya.

Masu 'yar Kwatano da yawa kan raba aikin gida biyu: babban bincike na farko a Katsina ko Kano inda ake da na'ura, sannan juyen yau da kullum a wurin bakaniken gida.

Ko a ina aka yi, akan rubuta lambar mita da kwanan wata a ƙaramar takarda a maƙala kusa da sitiyari. A nan ma akwai tarko: mitar motocin Amurka da mil take ƙirge, ba kilomita ba, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Wanda aka ce ya dawo bayan dubu biyar, ya kuma jira mitar ta ƙirga masa, zai iso gareji ne bayan ya yi tafiyar kilomita dubu takwas.