Zafin Jikin Raƙumi

Tun muna yara muke jin ana cewa raƙumi a tozonsa yake ajiye ruwa. Mun yarda, don babu wanda ya taɓa leƙawa a cikinmu. Ashe kitse ne a ciki. To, da me yake jure ƙishirwa?

Makarantar koyon likitancin dabbobi ta farko an kafa ta ne a Liyon ta ƙasar Faransa a 1761, a hannun Claude Bourgelat, gwanin dawaki. Doki da saniya aka sa a gaba, su ne dukiyar Turai. Raƙumi kuwa ya daɗe a gefen littafi, ana maimaita tatsuniyoyi a kansa.

A 1953 Knut Schmidt-Nielsen, masanin yadda jikin dabbobi ke aiki, haifaffen Norwe, ya tafi Beni Abbes a hamadar Aljeriya, ya yi ta auna raƙuma safe da yamma. Ya gano cewa raƙumin da ya daɗe bai sha ruwa ba, zafin jikinsa kan sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya haura 40 da rana. Maimakon ya yi ta zufa, sai ya tara zafin a jikinsa, ya sake shi cikin sanyin dare. Ruwan da zai tafi a zufa ya tsira ke nan. Yakan rasa ruwan da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa bai faɗi ba, idan ya samu rijiya kuma ya shanye wajen lita 100 cikin 'yan mintuna.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, digiri 40 a jikin doki zazzaɓi ne. Likitan da ya auna raƙumi da azahar a Agadas ko Maigatari, yana riƙe da ma'aunin doki a kansa, zai iya ɗirka wa lafiyayyar dabba allura, mai ita ya biya kuɗin banza. Idan kuma ya raina zafi a jikin raƙumin da ya ƙoshi da ruwa, wanda nasa ba ya tashi haka, ciwo na gaske zai wuce shi.

Shi ya sa ɗalibin likitancin dabbobi, a Zariya yake ko a Dakar, sai ya fara sanin yadda lafiyayyen jiki ke aiki kafin a buɗe masa babin cuta. Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo.