Yadda Aka Faro Shelar Zuwan Zafi a Birnin Ahmadabad

Wani mai sauraronmu, falke ne mai bin kasuwannin ƙauye, ya aiko da takarda yana cewa ya ji wai a wasu ƙasashe hukuma kan yi shelar zuwan zafi kamar yadda ake shelar ambaliya. Yana so ya san ko gaskiya ne, kuma ina abin ya samo asali.

To, malam, gaskiya ne. Birnin Filadelfiya na Amurka ya kafa irin wannan tsari a 1995. Faransa ta bi sahu a 2004, bayan da zafin 2003 ya hallaka mata mutane wajen 15,000. Amma labarin da ya fi kama da rayuwarmu shi ne na Ahmadabad, babban birnin kasuwanci a Jihar Gujarat ta ƙasar Indiya, inda talaka ke wuni a rana yana neman na tuwo.

A watan Mayun 2010 zafi ya kai kusan digiri 47 a can. Mutane na ta mutuwa, amma ba a ce zafi ba ne, don shi zafi ba ya kisa da sunansa. Sai a ce zuciya ce ta buga, ko ƙoda, ko tsufa. Da masu bincike suka ɗauko littafin rajistar mamata suka gwada watan da na 2009 da na 2011, sai ga rarar mutum 1,344. Wannan ƙidaya ita ta tada hukuma tsaye.

A 2013 hukumar birnin ta fito da shirinta, na farko a duk Kudancin Asiya. Aka naɗa jami'i guda wanda masu hasashen yanayi ke sanar da shi kwanaki kafin zafin ya iso, shi kuma ya isar wa asibitoci da 'yan jarida da masu ruwan famfo. Aka raba gargaɗi kala uku: rawaya daga digiri 41, ruwan goro daga 43, ja kuwa daga 45. Da an ɗaga, sai asibiti ya tanadi ƙanƙara da ruwan gishiri da sukari, a ajiye ruwan sha a bakin hanya, a bar lambunan gwamnati a buɗe don masu neman inuwa, a kuma nemi masu gini su sauke lebura da tsakar rana. Wani asibiti ma ɗakin jarirai ya sauko da shi daga can saman bene, inda rufi ke gasa su. Daga 2017 aka shiga shafe rufin gidajen talakawa da farar ƙasa. Ka ji fa, babu wani abu mai tsada a ciki.

Wani bincike da aka buga a 2018 ya ƙiyasta cewa ana tsirar da rai wajen 1,190 a kowace shekara, har garuruwa da yawa na Indiya suka kwafi shirin.

Sai dai kwafar takarda daban, aiki daban. A 2023 wata cibiyar bincike a Delhi ta duba irin waɗannan shirye-shirye guda 37, ta tarar akasarinsu ba a ware masu kuɗi ba. Kuma ɗan dakon da aka ce ya huta daga azahar zuwa la'asar, ladan wannan lokaci daga aljihunsa yake fita.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.