Shekarar da ke jikin bindiga

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da fataken Hausawa ke kafa Zango a Lome, bindigogin Turai da Amurka suna shigowa ta wannan gaɓar teku. Kafin yaƙinsa da Faransawa a 1892, Behanzin, sarkin Dahome mai maƙwabtaka da Togo, ya sayi makamai daga 'yan kasuwar Jamus, ciki har da Winchester, wadda ake ɗanawa da mariƙin da ke ƙarƙashin kunamarta.

Wanda ya gaji irinta, aka ce masa ta ga wancan yaƙi, sai ya bincika. Idan tsakiyarta tagulla ce, samfurin 1866 ce. Tsakiyar samfurin 1873 ƙarfe ce. Shekarar da aka hatimta kusa da ƙota sunan samfuri ce kawai, domin an ci gaba da ƙera samfurin 1894 a New Haven har 2006. Lambar jeri da ke ƙasan bindigar ita ce shaida: ana gwada ta da kundin masana'anta da ke gidan tarihi na Cody, a Amurka, a gano shekarar ƙira.

Mai hatimin 1894 kuwa ba ta yi wa Behanzin yaƙi ba. Ya miƙa wuya a Janairun shekarar, kafin ta fito kasuwa.