Wa Ke Auna Halin Ɗalibi a Wudil?

Ranar yaye ɗaliban jami'a akan shelanta cewa an same su sun cancanta ta fuskar hali da ta ilimi, kuma hali ake fara ambata. Ilimi dai yana da jarrabawa da maki. Hali kuwa, mu da muka tsufa da alli a hannu a Wudil mun ga yadda ma'auninsa ya yi ta sauyawa.

A zamanin Kwalejin Horon Malamai ta Wudil da makarantar koyon sana'a, ɗalibai a makaranta suke kwana, malamai kuma gidajensu na nan kusa. Ƙararrawa ce ke tayar da yaro sallar asuba, daga nan sai shara, sai layin duba farce da wuyan riga. A ɗakin aikin kafinta ba mai fita sai an ƙirga zarto da guduma sun cika, kowanne ya koma mazauninsa. Wanda aka danƙa wa makullin sito ya shekara gwangwanin madara bai yi ƙafa ba, an san shi, kuma shugaban makaranta zai rubuta hakan da hannunsa a takardar shaidar hali. Takardar nan tana da nauyi, don mai ɗaukar aiki a En'e ko a ma'aikatar ilimi yakan karanta ta kafin ya dubi maki.

Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu a makarantar sana'ar. Malam Ibrahim Shekarau ya fara koyar da lissafi a kwalejin fasaha ta garin a 1978, ya zama shugaban ƙaramar sakandare a 1980. Da ya hau gwamna ya kawo shirin gyaran hali na A Daidaita Sahu, wanda da yawanmu muka ce ai taron safiya ne na makaranta aka faɗaɗa wa jiha.

Ba na cewa komai na da alheri ne. A makarantun kwana na lokacin, ko'ina a Arewa, biyayya aka fi so a kan komai. Yaro mai yawan tambaya sunansa mai taurin kai, bulala kuma ta koya wa wasu iya ɓoye laifi, ba barinsa ba.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan talakawa, abin a yaba. Amma azuzuwa suka cika maƙil, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita, daga baya aka daina horon malamai masu daraja ta biyu, takardar NCE ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Malami ya koma mai shiga aji ya fita. Shaidar hali ta zama fom bugagge, kowa "mai ladabi da ƙwazo" ne, har wanda malamin bai taɓa sanin fuskarsa ba.

Da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, halin da ake nema ya sake salo. Yanzu maganar dogaro da kai ake yi, da ƙirƙira, da kada a zauna jiran aikin gwamnati. Na yarda da wannan, sai dai a takarda ake jarraba shi, a ba shi maki kamar kowane darasi.

Inda tsohon tsarin ya rage shi ne Makarantar Horon 'Yan Sanda da aka kafa a 1988, wadda yanzu ke ba da digiri. Shekara 5 ɗalibi yake yi a ciki, da fareti da duba kaki, jami'an da ke horar da shi suna ganin kwanansa da tashinsa, kuma rashin ɗa'a kan jawo kora ko da makinsa ya kai. Wanda ya kammala yakan fito da muƙamin ASP. Sauran makarantun garin, masu sallamar yara da azahar, ba su da wannan damar, amma fom iri ɗaya ake kawo wa shugabanninsu su sa hannu.