BABI NA UKU: TARIHIN KUƊIN SHIGA DA KASAFIN KUƊI A ƘARAMAR HUKUMAR BAGUDO

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a bi diddigin hanyoyin da hukuma ta riƙa samun kuɗin gudanar da ayyukan jama'a a ƙasar Bagudo, tun daga zamanin En'e har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na shekarar 2024. Haka kuma za a duba dalilan da suka sa gina makaranta ko ɗakin shan magani a wannan yanki yake cin kuɗi fiye da yadda yake ci a cikin birni. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, nauyin da ke kan ƙaramar hukumar ya yi ta ƙaruwa, alhali ikonta a kan kuɗin da za ta sauke nauyin da shi ya yi ta raguwa.

3.1 Yanayin Ƙasar Bagudo da Samuwar Iyaka

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 7,000, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutane kimanin 238,000. Wato ke nan mutum talatin da 'yan kai ne suke zaune a kowane murabba'in kilomita. Tana da mazaɓun kansila 11, kuma cikin manyan garuruwanta akwai Bagudo da Zagga da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya. Kogin Kwara ya ratsa ta ya raba ta gida biyu: hedikwata tana wannan gaɓa, Illo da Ka'oje da garuruwan bakin iyaka suna ƙetare.

Ita wannan iyaka ta samo asali ne daga yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Faris ranar 14 ga Yuni, 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu. Yarjejeniyar ta ajiye ƙarshen layin a gaɓar Kwara, mil goma sama da garin Giris, wanda shi ne mashigin jiragen Illo. A farkon mulkin mallaka kuma Turawan Ingila suka sanya yankin Illo a ƙarƙashin masarautar Gwandu, cikin Lardin Sakkwato. Tun daga lokacin al'ummu irin su Busawa da Kyangawa da Dendawa da Fulani suka wayi gari 'yan'uwansu suna biyan haraji ga wata hukuma daban, da wani kuɗi daban.

3.2 Zamanin Baitulmali

Dokar kuɗin shiga ta 1906 ita ce ta tattara haraje-harajen gargajiya ta mayar da su manya guda biyu, wato haraji, wanda magidanta suke biya, da jangali, wanda ake biya a kan shanu. Zuwa 1911 an tabbatar da tsarin Baitulmali a masarautun Arewa, bayan gwajin da aka fara a Katsina. Baitulmalin En'en Gwandu yana Birnin Kebbi. Mai unguwa ya karɓa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa Ma'aji. Da farko ana raba kuɗin biyu ne, rabi na gwamnatin Turawa, rabi na En'e.

A nan ne kasafin kuɗi na zamani ya fara. Kowace shekara ana rubuta ƙiyasin abin da za a samu da abin da za a kashe, sai Razdan ya amince sannan a taɓa ko kwabo. Kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga albashin sarki da hakimai da dagatai da alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Abin da ya saura shi ake yin hanya da rijiya da makarantar elemantare da ɗakin shan magani, kuma gundumomin da ke nesa da hedikwata su ne na ƙarshe a layi.

Bugu da ƙari, iyakar ta shafi aljihun En'e kai tsaye. Da damina, lokacin ƙidayar jangali, makiyayi yana iya kora garkensa ya ƙetara ƙasar Faransa har malaman jangali su wuce. Haka nan mutane sun riƙa gudowa daga ɓangaren Faransa saboda aikin tilas da ɗaukar soja, kafin a soke aikin tilas a 1946. Saboda haka hakimin bakin iyaka dole ya sassauta hannu, domin idan ya matsa wa talakawa sai su tashi, harajin gundumarsa ya faɗi, shi kuma ya sha tuhuma. Duk da zaluncin da aka san tsarin da shi, akwai wata alaƙa a fili tsakanin mai biya da mai karɓa: hukuma ta san cewa cinta da shanta suna hannun manomi da makiyayi.

3.3 Gyaran Fuska na 1976

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, yankin ya faɗa cikin Jihar Arewa Maso Yamma. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato, kuma a wannan shekara gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi gyaran fuska a duk faɗin ƙasa. An mayar da su mataki na uku na gwamnati, an raba su da majalisun sarakuna, an kuma yi musu alƙawarin kaso daga gwamnatin tarayya. Bagudo tana cikin ƙananan hukumomi 19 na Jihar Sakkwato ta wancan lokaci, har zuwa 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi.

A daidai wannan zamani tsoffin hanyoyin kuɗin suka fara mutuwa. A 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji a jihohinsu, abin ya kuma zama siyasa a duk Arewa. Ko da sojoji suka dawo da shi a 1984, bai sake zama ginshiƙin kasafin kuɗi ba, domin kuɗin man fetur ya riga ya shafe shi. Kason ƙananan hukumomi daga Asusun Tarayya ya fara da kashi 10 cikin ɗari a dokar 1981, ya koma kashi 15 a 1990, ya kai kashi 20 a 1992, sannan aka tsayar da shi a kan kashi 20.60 a 2004. A 1994 kuma aka shigo da harajin kayan masarufi, wanda ƙananan hukumomi suke samun kashi 35 daga cikinsa.

Wajen raba wannan kuɗi tsakanin ƙananan hukumomi, ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi ya ba daidaito kashi 40, yawan jama'a kashi 30, sai faɗin ƙasa da yanayinta kashi 10, ci gaban al'umma kashi 10, ƙoƙarin tara kuɗin cikin gida kashi 10. Idan aka lura za a ga cewa abin da ya fi sa aiki tsada a Bagudo, wato nisa da kogi, kashi 10 kacal ya samu a ma'aunin.

3.4 Yadda Ake Tsara Kasafi da Inda Kuɗin Yake Tafiya

Shekarar kuɗi a da tana farawa ne daga Afrilu zuwa Maris, amma daga 1981 ta koma Janairu zuwa Disamba. Sassan ƙaramar hukuma, kamar sashen ayyuka da na lafiya da na gona da na walwalar jama'a, kowanne yana miƙa buƙatunsa. Ma'aji ya haɗa su, shugaba ya gabatar, kansiloli su duba, ma'aikatar ƙananan hukumomi ta jiha kuma ta sa ido. Kasafin ya kasu biyu: kuɗin yau da kullum, kamar albashi da mai da takardu, da kuɗin manyan ayyuka, kamar gine-gine da rijiyoyin burtsatse. Ƙa'idar ita ce sai an biya na farko kafin a waiwayi na biyu.

Abubuwa biyu ne suka fi cinye kuɗin yau da kullum. Na farko shi ne ilimin firamare. Shirin ba da ilimi kyauta na 1976 ya ninka yawan makarantu da malamai. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, a 1991 aka rushe ta aka ɗora wa ƙananan hukumomi biyan malamai, a 1993 aka sake dawo da ita, aka koma cire albashin malamai tun daga sama kafin kaso ya iso. Wannan ya sa a ƙarshen shekarun 1990 wasu ƙananan hukumomi a Nijeriya suka riƙa tashi ba ko kwabo bayan cire-cire. Na biyu shi ne kiwon lafiya matakin farko, wanda aka miƙa wa ƙananan hukumomi a zamanin ministan lafiya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, bisa manufar lafiya ta ƙasa ta 1988.

Shi kuwa albashi ba a Bagudo ake yanke shi ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a 2024, Jihar Kebbi kuma ta amince da 75,000 a wannan shekara. Wannan haƙƙin ma'aikaci ne, ganin yadda darajar naira ta zube tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Amma duk ƙarin da aka yi, idan kaso bai ƙaru daidai da shi ba, daga kuɗin manyan ayyuka ake zaftarewa.

Sai kuma tsadar nisa. A cikin birni makaranta ɗaya tana iya ɗaukar yara dubu. A ƙasar da ƙauyuka da rugage suke warwatse, dole a gina ƙananan makarantu da yawa, kowace da hedimasta da rufi da rijiya, ko da yaran ba su cika aji ba. Allurar rigakafi tana buƙatar sanyi har ta isa hannun yaro, ke nan sai an tanadi babur da mai, wani wurin ma kwale-kwale. Buhun siminti yana ƙara kuɗi a kowane zango kafin ya isa ƙetaren kogi. Ga ambaliya, irin ta 2012 da ta 2020, wadda take rushe a mako ɗaya abin da aka yi shekaru ana ginawa.

3.5 Iyaka: Riba a Sama, Nauyi a Ƙasa

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙaramar hukumar da ke da hanyar Lolo zuwa Malanbil da hanyar Tsamiya zuwa Segbana ba za ta rasa kuɗi ba. Sai dai kuɗin fito na kayan da suka ƙetare iyaka na gwamnatin tarayya ne, jami'an kwastan suke karɓa. Abin da Doka ta 21 ta 1998 ta bar wa ƙananan hukumomi shi ne kuɗin rumfunan kasuwa da na tasha da na mahauta da na rajistar aure da haihuwa, da lasin kekuna da amalanke da jiragen ruwa, da harajin shanu. Waɗannan ƙananan kuɗaɗe ne masu wuyar tarawa, wani lokaci abin da za a kashe wajen aika malamin karɓa ya kusa kai abin da zai kawo.

Ko su ɗin ma sun dogara ne da cikar kasuwa, cikar kasuwa kuwa ta dogara da shawarar da ake yankewa a nesa. An rufe iyakokin Nijeriya daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ciniki ya juya. A Agusta 2019 aka sake rufe iyakokin, a Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Duk ranar da motoci suka daina shiga tasha, rasit ɗin ƙaramar hukuma yana tsayawa, amma majinyaci da ɗan makaranta ba sa tsayawa. Hasali ma, saboda auratayya da zumunci, mutanen gaɓa biyu suna cin kasuwa ɗaya suna neman magani duk inda ya fi kusa, alhali ƙidayar da ake raba kaso da ita mazauna gida kawai ta sani.

A ɗaya ɓangaren, Benin ta yi zaɓen ƙananan hukumominta na farko a Disamba 2002, ta kafa guda 77, ciki har da Malanbil da Segbana a yankin Alibori. A 2008 ta buɗe asusun tallafa musu daga gwamnatin tsakiya. Wannan ya nuna cewa ƙarancin kuɗin cikin gida ciwo ne na maƙwabtan biyu.

3.6 Asusun Haɗin Gwiwa da Hukuncin 2024

Sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda kason kowace ƙaramar hukuma yake bi ta cikinsa. A nan ake cire kuɗin malamai da na fansho da na masarautu da na ayyukan haɗin gwiwa. An daɗe ana kuka a duk ƙasa cewa ikon kashe kuɗin ya koma manyan biranen jihohi. A 2019 hukumar bin diddigin hada-hadar kuɗi ta ƙasa ta taƙaita fitar da tsabar kuɗi daga asusun ƙananan hukumomi zuwa naira 500,000 a rana. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma kantomomin riƙo ba su da hurumin karɓarsa. Hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗin yake bi ne kawai. Bai sauya ma'aunin rabo ba, bai kuma rage nisan Bagudo zuwa Illo ba.

3.7 Naɗewa

An ga yadda hukuma a ƙasar Bagudo ta tashi daga dogaro da haraji da jangali ta koma jiran kason wata-wata daga Abuja. A zamanin Baitulmali talaka yana biya da yawa yana ganin kaɗan. Bayan 1976 ya daina biyan mafi yawan kuɗin, sai kuma ya rasa bakin tambayar inda suka shiga. An kuma ga cewa albashi da rufe iyaka da ma'aunin rabo duk a wajen Bagudo ake yanke su, ƙaramar hukuma ita ce take ɗaukar sakamakon. Abin da ya rage a hannunta shi ne ta bayyana kasafinta ga jama'ar mazaɓu 11 ɗin, ta kuma tsare kuɗin kasuwa da tasha da mashigar ruwa. Babi na gaba zai duba yadda waɗannan kasuwanni suke gudana, da irin kalmomin ciniki da aka aro daga harsunan maƙwabta.